Dunƙulen Shamfuna Yana Narkewa da Damina, Me Zan Ƙara Masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kubwa, ina 'yar sana'ar haɗa kayan gyaran gashi a gida. Da hunturu na fara yin shamfu na dunƙule: nakan narka sabulun salo, in zuba man kaɗanya, zuma, gilisarin da ruwan alobera, in juye a mazubi ya daskare. A lokacin ya yi kyau, har maƙwabta suna saye. Amma tun da damina ta kankama sai ya riƙa yin gumi, ya yi laushi, wani ma manne wa leda yake yi. Wata ta ce in zuba soda ash irin na sabulun wanki. In zuba? Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Soda ash kam ki bar shi inda yake. Shi da silikat kayan sabulun wanki ne. Suna sa tauri, amma suna ƙara kaifi, irin kaifin da zai fitar da dattin atamfa ya kuma busar da fatar kai, gashi ya riƙa karyewa. Ko kin zuba ma ba zai kai ga ciwon ba, domin matsalar tana cikin kayan haɗin tun daga tushe.

Sabulun salo da ruwan toka ake yin sa, tokar ɓawon koko ko ta ɓawon ayaba, kuma sinadarin da ke aiki a cikin toka shi ne fotasiyam. Duk sabulun da aka yi da fotasiyam laushi ne halinsa, shi ya sa masu yin sabulun ruwa suke amfani da shi. Sabulu mai tauri daga sodiyam yake fitowa, wato kostik soda. Kin ga tun farko kin ɗauko abu mai laushi. Sai kika ƙara masa zuma da gilisarin, su kuma aikinsu ke nan su jawo danshi daga iska su riƙe. Gumin da kike gani a jikin dunƙulen ba daga ciki yake fitowa ba, ruwan iskar ɗakinki ne suka tattaro. Alobera kuwa kusan duk ruwa ce. Hunturu ne ya rufa miki asiri, don iskar lokacin ba ta da danshin da za a ja. Daga Afrilu zuwa Oktoba labari ya sha bamban a Abuja, balle watan Agusta. Ko damina ba ta tona ba, da zafin Maris ya tona, domin man kaɗanyar da aka zuba a kan sabulun da ya riga ya haɗu mai ne zalla, kuma yana fara narkewa da zarar zafi ya haura digiri 30 da 'yan kai. Wadda ke Jos za ta ɗan samu sauƙin zafin, amma danshin damina ita ma ba zai ƙyale ta ba.

Haɗinki ba mara kyau ba ne, siffar da kika ba shi ce ba tasa ba. In dunƙule kike so da gaske, hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ki yi sabulu da kanki daga mai da kostik soda. A nan zaɓen mai shi ne rabin aikin. Man alayyadi da man kwakwa suna ba da kumfa da tauri, sai dai sabulunsu yana saurin ƙarewa a ruwa, kuma in sun yi yawa suna busar da gashi. Abin da ke sa sabulu ya yi tauri ya kuma daɗe shi ne manja da kitsen saniya. Mutane suna raina kitse, alhali in kika samo mai kyau a wajen mahauta, kika narka, kika tace, da wuya ki samu abin da ya fi shi arha da aiki. Man kaɗanya ma a nan yana taimaka wa tauri, domin soda ta ci shi ya zama sabulu. Man gyaɗa, man zaitun da man zurma su ne masu kawo laushi. A cikin giram 1,000 na mai, zan sa kitse ko manja 350, alayyadi 300, kaɗanya 150, man gyaɗa ko zaitun 130, man zurma 70.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne awo. A wuraren koyar da sana'a da yawa ana cewa kofi kaza na soda, kofi kaza na ruwa, kofi kaza na mai, ba tare da la'akari da wane mai ba ne. Amma kowane mai da sodar da yake ci: giram 100 na man kaɗanya yana buƙatar kamar giram 13, shi kuwa man kwakwa kamar giram 18. Ki sayi ƙaramin sikeli na dijital, ki shiga shafin SoapCalc a intanet, ki sa nauyin mayukanki ya fitar miki da sodar. Rarar man da za ki bari, wato man da soda ba za ta mayar sabulu ba, kada ta wuce kashi 5 cikin 100. Ruwa kuma ninki biyu na nauyin soda ya isa. Rabin ƙaramin cokali na gishiri ga kowane giram 500 na mai, a narkar da shi a ruwan kafin a zuba soda, yana ƙara tauri. Sodar kanta tana shan danshi, wadda aka bar buhunta a buɗe da damina ta riga ta rage ƙarfi, in kika auna ta har da ruwa kika auna. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. Ki sa safar hannu da tabarau, ki nisanta yara, kuma kada ki yi aikin a tukunyar alminiyum, soda tana cin ta. Bayan yanka, ki jera su a inuwa mai iska mako 4 zuwa 6. Ki ware guda ɗaya ki riƙa auna shi duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya gama bushewa.

Sai dai sabulun soda, komai kyansa, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon kaifi ko tsami, yana tsakanin 9 da 10, na fatar kai kuwa wajen 5 da ɗoriya ne. Gashin da aka yi wa rilaksa ko rini yana jin wannan bambanci, ya yi kaushi, ya cukurkuɗe a wajen taza. In aka haɗa da ruwan burtsatse mai yawan kalsiyam, sai ya bar wani farin dafi-dafi a gashi. Ɗauraya da ruwan da aka ɗiga wa khal ko lemon tsami tana ragewa, amma mai saye nawa ce za ta yi?

Saboda haka ni hanya ta biyu na fi so ki bi. Yawancin dunƙulen shamfu na kanti ba sabulu ba ne a fannin sinadarai, busasshen sinadarin wanki ne aka matse. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa SCI, daga man kwakwa ake samar da shi, dangin wanda ke cikin sabulun Dove ne, kuma masu sayar da kayan haɗa kwalliya suna kawo shi gari ko 'yan sanduna. A giram 100: SCI 65, ruwan bitain (sinadarin wanki mara kaifi) 12, setil alkohol 8, sitiyarik asid 5, man kaɗanya ko man koko 5, sodiyam laktet (yana ƙara tauri) 2, man kwakwa 1, turare 1, maganin hana ruɓewa 1. Kada sunan setil alkohol ya tayar miki da hankali, fari ne kamar kakin zuma, ba ya bugarwa. Shi da sitiyarik asid su ne ƙashin bayan dunƙulen, domin ɗaya sai kusan digiri 49 yake narkewa, ɗayan kusan 69, zafin Abuja bai kai can ba.

Ki lura da yadda ruwa da mai suka yi kaɗan a wannan awon. Bitain kansa kusan kashi biyu cikin uku ruwa ne, don haka ba a ƙara wani ruwan. In zuciyarki na kan zuma, giram 1 ko 2 ya isa, a rage daga bitain. Ki sa takunkumi kafin ki buɗe garin SCI, ƙurarsa tana shaƙe mutum. Ki ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ki haɗa SCI da bitain su yi laushi, ki narka masu maiƙon daban ki juye, ki cuɗa har ya zama kamar tuwo. Idan ya ɗan huce sai turare da maganin ruɓewa. Sannan ki danna shi a mazubi da duk ƙarfinki, da gindin kofi in ya kama, domin ramukan iska ne ke shan ruwa daga baya su rugurguza shi. In akwai wuta, awa ɗaya a firiza yana sauƙaƙa cirewa. Ya sha iska kwana 3 zuwa 7, da damina ki ɗauki na ƙarshen ki kunna masa fanka. Ki narka ɗan gutsure a ruwa ki gwada da takardar pH, tsakanin 5 da 6 ake so, in ya haura ki gyara haɗi na gaba da ɗigon sitirik asid.

Ko wace hanya kika bi, in ya fito da laushi ki murza shi da yatsa. In jiƙe kika ji, ruwa ne, lokaci da iska za su gyara. In maiƙo ya bi yatsan, mai ne ya yi yawa, ko shekara zai yi ba zai taurara ba, sai an sake awo.

Ki gaya wa masu saye kada su bar shi cikin soso ko a ƙasan banɗaki, su ɗora shi a mazubi mai huji ya tsane. Kada ki naɗe shi kafin ya gama bushewa. In kasuwar ta wuce maƙwabta za ta shiga kantuna, ki nemi rajistar NAFDAC.

Waɗanda suka riga suka yi laushi a hannunki kada ki zubar. In ba su canza wari ba kuma babu fumfuna, ki cuɗa su wuri ɗaya, ki sa maganin hana ruɓewa tunda akwai alobera a ciki, ki zuba a ƙananan robobi masu murfi ki sayar a matsayin sabulun salo na wanke kai, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.