Zan tafi karatu Maleshiya: sai na sayi babbar kyamara kafin hotunana su yi kyau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Gusau, na samu gurbin digiri na biyu a Kuala Lumpur, zan tafi bayan Sallah in Allah ya yarda. Ina sha'awar ɗaukar hoton kasuwanni da gonaki da yadda mutane ke rayuwa, kuma ina son leƙa Tailan da Indonesiya lokacin hutu. Sai dai hotunan da yayana ke turo mana daga can ba sa yin kyau: sama fari fat, fuskarsa baƙi ƙirin, wasu kamar an hura musu hayaƙi. Ya ce laifin waya ne. Shin in sayi kyamara mai tsada kafin in tafi? Kuma yaya zan ɗauki mutane ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a karatun, ya kai ka lafiya. Riƙe kuɗinka tukuna. Abubuwa ukun da ka lissafa a hotunan yayanka duk na san su, kuma babu wanda tsadar kyamara ke maganinsa. Biyu daga rana suke, ɗaya daga ruwan da ke cikin iska.

Bari in fara da ruwan, domin shi zai fara tarbarka. Kuala Lumpur tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kuma danshin iska yakan kai kashi 80 cikin 100. Ga shi ɗakuna da motoci da jiragen ƙasa duk sanyin iyakwandishan ne. Ka fito daga ɗaki mai sanyi zuwa titi, gilashin kyamara zai yi gumi nan take, kamar yadda kofin ruwan ƙanƙara ke yi a watan azumi. Hayaƙin da kake gani a hotunan yayanka ke nan. Ni ma ya taɓa cinye mini safiya guda a kasuwar Chow Kit da ke Kuala Lumpur: na sauko daga mota, ga wata dattijuwa tana jera kifi a kan ƙanƙara, haske yana sauka a hannunta ta ɓular rumfa, na ɗaga kyamara na tarar ba na ganin komai. Na goge, gumin ya dawo. Kafin gilashin ya washe, hasken ya gusa. Maganin ba ya cin ko sisi. Ka sa kyamara a leda ka ɗaure tun kana cikin ɗaki, in ka fito ka bar ta a ciki minti 20 zuwa 30 har ta ɗauki ɗumin waje, sannan ka buɗe. Waya ta fi saurin warwarewa, musamman in tana aljihu.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, ita kuma a hankali take zuwa. Gilashin da aka ajiye a kabad mai duhu da danshi yakan yi fumfuna ta ciki, zare-zare kamar yanar gizo-gizo, kuma in ta daɗe tana cin fatar gilashin. Mu da muka saba da ƙura ba mu san wannan ciwon ba. Ka nemi roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, nan ne makwancin kyamararka.

Sai rana. Garin yana kusan digiri 3 ne arewa da layin ikwaita, saboda haka ta tsakar ka rana take wucewa kusan duk shekara. Agogonsu kuma yana gaba da rana, tun da aka daidaita lokacin ƙasar a 1982: gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe 7, azahar tana shiga bayan ƙarfe 1, magariba kuma tsakanin 7 da 7:30. Idan ka tafi da lissafin gida a ka, za ka riƙa fita a lokacin da bai dace ba. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 hasken dukan tsakar ka yake yi, idanu su faɗa rami, sama ta koma fari saboda tururi. Lokacinka na gaskiya shi ne daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa almuru. Kuma kamar a gida, da rana ta faɗi duhu ba ya jira; minti 20 ɗin nan da sama ke yin shuɗi mai duhu fitilu suna kunnuwa, a nan ake samun hotunan birni mafi kyau.

Batun fuska kuwa ya shafe mu kai tsaye. Kyamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya ne ta raba. Idan baƙin mutum ya tsaya farar sama tana bayansa, balle in ya sa farar shadda, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuskar ta tafi a duhu. Ka juya shi ya fuskanci inda hasken ke fitowa, ko ka shigar da shi inuwar baranda, bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe. Sannan ka taɓa fuskar a allon waya ka ɗan ja hasken sama. Fatarmu tana fitowa da kyau ƙwarai a irin wannan inuwa, musamman in akwai koren ganye a baya.

Kada ka guji ruwan sama. A watannin Maris da Afrilu, da kuma Oktoba da Nuwamba, hadari yakan haɗu da yamma, a yi tsawa a sheƙa kamar da bakin ƙwarya, sau da yawa cikin awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Ka fake a rumfar mai shayi ka jira. Da ya tsagaita, iska ta wanku, kwalta tana ƙyalli, 'yan babur suna fitowa daga ƙarƙashin gada da rigunan leda kala-kala. Abin da ba ya gyaruwa shi ne hazon hayaƙin da iska kan kwaso daga gobarar daji a Sumatra da Kalimantan na ƙasar Indonesiya, yawanci tsakanin Agusta da Oktoba, kamar yadda ya yi tsanani a 1997 da 2015 da 2019. In ka ci karo da shi, yi abin da kake yi a hunturu: manta da nesa, ɗauki na kusa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a wurina. Ka tuna yadda kake ji idan baƙo ya shigo kasuwarku ya ɗora wa mahaifiyar wani kyamara a fuska ba ko sallama. Haka su ma suke ji. Malayawa mafi yawansu Musulmi ne, sallamarka za ta buɗe maka ƙofa. Dattijo ana ce masa pak cik, dattijuwa mak cik. Ka haddace "Boleh ambil gambar?", wato ko zan iya ɗaukar hoto, da "terima kasih", na gode. Ka sayi wani abu, ko ayaba ce. In an girgiza kai, ka sauke kyamara ka yi murmushi ka wuce. In an yarda, ka nuna wa mutum hotonsa. Sau da yawa hoto na biyu, bayan ya yi dariya ya koma aikinsa, shi ne na ajiyewa. Yara kuwa sai da yardar iyayensu.

Shawarata ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa komawa. Mai shayin unguwarku ya isa. Shayinsu na madara, teh tarik, ana jan sa ne tsakanin kofi biyu daga sama, kamar yadda masu shayinmu ke yi, har ya yi kumfa. Ranar farko zai ɗaure fuska. Bayan mako biyu kana zama kana cin roti canai, wata irin gurasarsu, ya manta da kai, a lokacin za ka samu igiyar shayin a miƙe cikin iska da fuskarsa a sake. Ka tsaya inda bayansa ke da duhu, haske yana bugun shayin ta gefe, ka sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/500 na daƙiƙa, ko ka danne maɓallin waya ta ɗauki da yawa a jere.

A cikin birnin, je ka Kampung Baru da sassafe, inda gidajen katako na Malayawa ke tsaye a kan dirkoki, tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 suna leƙo su ta baya. Da azumi kada bazar Ramadan, kasuwar abincin buɗa baki, ta wuce ka, hayaƙin gashi da hasken la'asar suna haɗuwa da kyau. In ka samu hutu, ka hau zuwa Kota Bharu a jihar Kelantan, kasuwar Siti Khadijah, wadda aka sa wa sunan Nana Khadija kuma mafi yawan masu sayarwa mata ne. Daga bene na sama za ka hango su zaune a tsakiyar barkono da ganye da kayan miya kamar an zana tabarma. Sai dai ka guji gabar gabas, inda Kota Bharu take, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ambaliya ne. Gonakin shinkafa kuma suna Sekinchan, tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka daga birnin. Ka tambayi lokacin girbi kafin ka tafi, don kada ka tarar da taɓo zalla.

Tailan da Indonesiya duk wannan lissafin ne na rana da danshi. Abin da ke sauyawa shi ne ladabin wuraren ibada. A wurin bautar Buda ana cire takalmi, ana rufe kafaɗa da gwiwa, ba a miƙe ƙafa wajen gunki, ba a hawa kansa don hoto. Da asuba limamansu masu jan mayafi suna zagayen karɓar sadakar abinci. Ka tsaya nesa, kada ka haska musu filasha. Barikin soja da wurin jami'an shige da fice a filin jirgi, ko'ina ne, aljihu waya take zama.

Ka yi wata uku da wayarka a kan wannan tsarin. Idan bayan nan ka ga abin da ke kufce maka na nesa ne ko na cikin duhu, to ka san irin kyamarar da za ka nema, kuma a can za ka samu ta hannu mai kyau. Ka dai haska gilashinta da tocila ka duba fumfuna kafin ka biya. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Batura da fawa bank a jakar hannu ake shiga jirgi da su. In za ka turo wa mutanen gida hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi ya dushe.