Tambaya da Amsa: Tankin hostal ɗinmu kullum zuba yake, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta nan cikin garin Kaduna, an saka ni a kwamitin muhalli na ƙungiyar ɗalibai, kuma wallahi abin da nake gani yana damuna, tankin hostal ɗinmu kullum sai ya cika ya yi ta zuba har ruwa ya kwanta a bayan ɗakuna alhali da yamma sai mun yi layi da bokitai, ajujuwa kuma wuta a kunne fanka na juyawa ba kowa a ciki, shara kuwa ƙona ta ake yi. Ƙawayena sun ce mu shirya ranar dashen itatuwa mu gayyato manya. Don Allah ta ina ya kamata mu fara? (Wata ɗaliba, Kaduna)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da wannan abu. Shawarata ku ɗan jinkirta taron nan, ku fara zuwa sashen ayyuka da gyare-gyare na makarantar, wajen mai gyaran famfo da mai gyaran wuta da mai kula da janareta, don duk abin da kika lissafa a hannunsu yake. Kuma ku je da ladabi, ku gaishe su, ku tambaye su me ya hana gyaran, sau da yawa za ki tarar sun rubuta takardar neman kayan aiki tun tuni tana can kan teburin wani tana jiran sa hannu.

Tankin nan da sauƙi. Akwai 'yar na'ura da ake sawa a ciki mai kashe injin bohal da kanta idan ruwa ya kai baki, ko dai babu ita ko ta lalace. Ki tuna duk ruwan da ya zube ɗin nan da wuta ko dizal aka turo shi sama, kenan asara biyu ce. Famfo ɗaya ma da ke ɗiga ɗigo guda duk daƙiƙa yana zubar da sama da lita 20 a rana, to ki zagaya banɗakunan hostal ki ƙirga nawa ne suke ɗiga, galibi 'yar robar ciki ce kawai ta cinye.

Maganar wuta ita ce za ta fi jan hankalin shugabanni, saboda tun watan Afrilun 2024 da aka kai farashin masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 duk yunit manyan makarantu suke kuka da bil. Ki yi lissafi da wannan farashin na wancan lokacin: aji mai ƙwan lantarki 20 na tsohon yayi, kowanne wat 60, aka bar su a kunne awa 12 na dare, ya ci yunit 14 da ɗoriya, sama da naira 3,000 kenan a aji ɗaya a dare ɗaya kuma ba wanda ya karanta ko layi guda. Ƙwan LED mai wat 9 zai ba da kusan hasken nan. Ku samu littafi, kowane gini ku rubuta famfo nawa ke zuba, aji nawa aka bari a kunne, da kwanan wata da hoto a waya, ku kai wa daraktan sashen da shugaban harkokin ɗalibai, ku kuma roƙa a sa wa kowane hostal mitarsa daban. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuɗin da aka tsira da shi a nan shi zai sayi kayan gyaran gaba.

Na san za a ce muku sola ce mafita, kuma gaskiya tana taimakawa, Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tasha mai megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Amma ita ma sai da mai kula, da hunturu ƙura ke rufe faifan solar, wutar ta ragu in ba a wankewa, batir kuma yana da ranar mutuwarsa, dole a san wa zai canza shi.

Ƙona shara kam ku yi tsayin daka a daina, hayaƙin ledar fiya wata da robobi illa ne ga ƙirji, masu asma su suka fi shan wahala. A ware robar lemo da gwangwani da takarda, 'yan jari bola za su saya. Gadajen ƙarfe da kujerun da aka jibge a bayan sito kuwa, ga kasuwar Panteka nan a Tudun Wada, masu walda za su tayar da mafi yawansu.

Itatuwa ku dasa, amma ku bari sai damina ta kankama wajen Yuni ko Yuli, ku zaɓi darbejiya da maɗaci da mangwaro, nesa da bututun ruwa da wayar wuta. Kafin ku haƙa rami ko ɗaya ku zauna da masu kula da lambun makarantar a rubuta sunan wanda zai riƙa ban ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, har da lokacin hutu da ba kwa nan, a kuma kewaye kowanne saboda awaki.