Amsar Gwaggo kan maganar rigar amarya

'Yata, saƙonki ya iso, kuma wallahi sai da ya sani murmushi. Wai ƙawayenki sunce dole amarya ta fara neman rigar biki tun saura shekara guda, ke kuma har yanzu manya basu tsayar da rana ba, shine kike tambaya ko abin kunya ne ki fara zagayen shaguna tun yanzu, ko kuwa akwai lokacin da aka san ana farawa. Murmushin bai daɗe ba sai hankalina ya ɗan tashi, don yadda kika rubuta inaga kamar har kin riga kin ga wadda ta kwanta miki, kina neman wanda zai ce miki je ki biya ne kawai. In haka ne ki dakata tukuna ki ji.

Mu a lokacinmu ba amarya ce ke wannan lissafin ba, iyaye mata ne, ita nata ta tsaya a auna ta tana sunkuyar da kai. Kakarmu Allah ya jiƙanta tana yawan cewa rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, wato da zarar an sa rana toh ta zo, duk abinda za a yi a tashi a yi. Amma kuma ita ɗin ce dai ke hana a taɓa yadi da almakashi kafin a sa ranar. Tace ido ya yi ta yawo yadda yake so, almakashi kuwa ya zauna a gida, don abinda ya ci baya dawowa.

Ban gane maganar nan ba sai a bikin Yaya, babbar gwaggonku. Ina yarinya lokacin. Mahaifiyarmu don ɗoki da son kada a ji kunya ta kai ɗinki da wuri sosai, aka yi riga mai kyau, farin leshi da shafi mai santsi, an jera ƙananan duwatsu tun daga wuya har ƙugu. Aka gwada ta zauna mata ɗas, aka naɗe aka sa a leda aka jefa can ƙasan akwati. Sai aka yi rasuwa a dangin ango aka ɗaga biki, aka sake ɗagawa, watanni suka yi ta tafiya. Abinda ba wanda ya tuna shine lokacin da aka auna Yaya bata daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, duk ta rame, kafin bikin ya zo kuwa jikinta ya dawo har ta ƙara. Ba wanda ya ce a ciro rigar a sake gwadawa, kowa na ganin ai an gama da wannan babin.

Daren da gobe biki aka buɗe akwati. Farko dai duk inda aka ninka ya yi layin rawaya-rawaya, ga warin kafur. Yaya ta zura, aka ja zif ya hau ya hau ya zo tsakiyar baya ya tsaya cak, saura kamar yatsu uku bakin ya haɗu. Mutum biyu suka kama suna ja tana riƙe numfashi, sai muka ji ɗinkin hammata yace ɓarr. Ɗakin ya yi tsit, Yaya ta zauna bakin gado ta fashe da kuka. Aka juya rigar a ga ko tela ya bar rara a ciki da za a saki, ashe ya datse ta tas don ɗinki ya kwanta, ko rabin inci babu. Kaka bata ce ma kowa komai ba, tace a miƙo reza da allura, ni kuma in riƙe fitila. Haka ta zauna tana farke gefen rigar zare ɗaya-ɗaya, duk dutsen da ta cire sai ta ajiye a faranti kar ya ɓata, idonta ya yi rauni ni ke zura mata zare a allura, hannuna ya gaji da fitila in sauya zuwa ɗayan tana cewa matso da ita nan. Ta yanko ƙyalle daga kalmasar ƙasa, ta tsaga shi biyu ta dasa a kowane gefe ƙarƙashin hannu, sannan ta bi ta maida duwatsun bisa ɗinkin don su rufe shi. Rawayan kuma mahaifiyarmu ce ta yi ta dannawa da ɗanyen tsumma a hankali, ya ragu amma bai fita duka ba. Sai gab da asuba aka gama. Rigar ta shiga, ta ɗan ɗage a ƙasa, kuma duk ranar Yaya bata yarda ta ɗaga hannu sama ba. Har ta bar duniya bata son a ɗauko hoton bikin nan.

Ba wai ina ce miki ki zauna sai ya rage sati biyu bane. Ita Kakar ce dai ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma rigunanku na yanzu ba irin namu bane, na sani. Wadda ake yin oda a ɗinko ta a wani wuri a turo takan ci wata huɗu zuwa shida, in ta iso ma ba a gama ba, don yawanci akan lamba suke ɗinkawa ba akan jikinki ba, sai an kai wa mai gyara an yi gwaji biyu ko uku, wannan kaɗai ya kan ci wata ɗaya da rabi zuwa biyu. In kin haɗa kinga wata takwas kenan ko kusa, daga nan ƙawayenki suka samo zancen shekara, basu yi ƙarya ba. In kuma tela ne zai ɗinka miki a kusa, ko wadda aka riga aka ɗinka zaki saya ko ki yi haya, wata uku zuwa huɗu ya isa, sai dai ki tambaye shi yawan aikin dake gabansa, don tela in ɗinki ya masa yawa alƙawari baya masa wuyar ɗauka. Duk wannan lissafin daga ranar biki ake ƙirgo shi baya, toh ke da babu rana a hannunki daga ina zaki fara ƙirge? Ko lokacin zafi za a yi ko na sanyi baki sani ba, kuma yadin da zai miki daɗi a wannan shi zai gallabe ki a wancan.

Abinda ke ɓata min rai da ku yaran yanzu shine a sayi riga ƙarama da gangan wai za a rame a shige ta. Yarinya ta hana kanta abinci wata da watanni, ranar biki tana jiri ana riƙe ta. Riga ake gyarawa ta dace da mutum 'yata. Rage babba abu ne mai sauƙi wajen mai gyara, ƙara ƙarama kuwa kin dai ji abinda muka sha. Jikin amarya baya tsayawa waje ɗaya, wata damuwa ta ramar da ita wata ta ƙara mata ƙiba. Ko Gimbiya Diana ta Ingila da aka yi bikinta ranar 29 ga Yuli 1981, wata biyar kacal bayan an sanar da baikonta, masu ɗinkin sun ce ƙugunta ya sauko daga inci 29 zuwa wajen 23 kafin ranar, sai rage rigar suke ta yi. Mu dai a hoto muka ga jelar rigar nan mai tsawon ƙafa 25 muna ta mamaki, bamu san wahalar dake ciki ba. Shi yasa gwajin ƙarshe ake barinsa sai saura sati ɗaya ko biyu.

Sannan wannan ɗabi'a ta kwashe ƙawaye bakwai a tafi shago kowa da bakinsa, a ɗauki hoto a watsa a waya tun kafin magana ta nuna, ni bata min. Aure sai an ɗaura yake tabbata, in Allah ya kawo wani tsaiko, bama fata, bakin mutane zaki ji da shi ko rigar dake rataye tana kallonki? Kuma mafi yawan masu ɗinkin oda basa maida kafin alƙalami in sun riga sun yanka. Ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu masu faɗa miki gaskiya, sun isa.

Kallo dai ki yi ta yi, ki taɓa yadi ki san mai nauyi da mara nauyi, ki gwada ki ga wane yanka ke karɓar jikinki, ki zauna da rigar ki tashi ki ɗaga hannu ki ga ko zaki iya wuni a ciki. Kuɗi kuma su tsaya a jakarki sai an sa rana. In kin je wajen tela ki ce ya bar miki rarar inci ɗaya a kowane gefe, ki juya cikin rigar ki gani da idonki. In ta iso da wuri kar ki barta a leda, ki lulluɓe ta da farin zanen auduga inda rana bata kaiwa, mai nauyi kuma a shimfiɗe ake ajiye ta don rataya na ja mata kafaɗa.

Maganar ko abin kunya ne kuwa, wannan ba ta waya bace, sai kin zo mun zauna. Af, na kusa mantawa, takalmin da zaki sa ranar ki saye shi kafin gwajin farko ki tafi da shi, don akansa ake yanke tsawon rigar.