Filin Tambaya da Amsa: Wa'adin Shekara Uku da ke Cinye Fasfon Sifaniya

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon daga Legas kusan duk a kan abu ɗaya suke: yaran da suka taso da fasfo biyu, na Najeriya da na Sifaniya, ga shi sun fara cika shekara 18. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A Kano aka haife ni. Na yi zaman aiki a Sifaniya har na samu takardar zama ɗan ƙasa, daga baya na dawo gida na zauna a Agege. Ɗana a nan Legas aka haife shi bayan na samu takardar, kuma yana da fasfon Sifaniya tun yana goye. Watan jiya ya cika 18. Wani aboki ya ce mini yaron zai iya rasa takardunsa. Ni a sanina wannan doka ta jikokin Turawan da suka yi ƙaura ce. Mene ne gaskiya? (Wani Alhaji, Agege)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma kwanakin sun fara tafiya tun ranar da yaron ya cika 18.

Dokar da ake magana ita ce sakin layi na 3 na sashe na 24 na kundin dokokin farar hula na Sifaniya, sakin layin da ya fara aiki ranar 9 ga Janairun 2003. Sharuɗɗa huɗu ne, idan suka haɗu a kan mutum dokar ta hau kansa: an haife shi a wajen Sifaniya, a waje yake zaune, uban ko uwar da ya gaji ƙasar daga gare su su ma a waje aka haife su, sannan ƙasar da yake zaune ta ɗauke shi ɗanta. To auna ɗanka. Haihuwar Legas, mazaunin Legas, mahaifinsa haihuwar Kano, kuma sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi zama ɗan Najeriya tun daga haihuwa. Duka huɗun sun cika. An fi jin labarin dokar a kan jikokin 'yan Sifaniya da ke Ajantina da Benezuwela saboda can suka fi yawa, amma lafazinta bai tambayi launin fata ko hanyar da uba ya bi ya samu takarda ba. Inda aka haife shi kawai ta duba.

Abin da ake so daga yaron kaɗan ne. Tsakanin ranar da ya cika 18 da ranar da zai cika 21, ya je da ƙafarsa gaban jami'in rajista na ƙaramin ofishin jakadancin Sifaniya da ke Victoria Island, ya furta cewa yana son ci gaba da zama ɗan Sifaniya. Sunan abin a takardunsu shi ne conservación de la nacionalidad, ya riƙe wannan suna don da shi zai nemi ranar ganawa. Zai tafi da cikakken kwafin rajistar haihuwarsa ta Sifaniya, wadda suke kira certificación literal de nacimiento, da fasfonsa na Sifaniya, da na Najeriya, kuma sunansa ya kasance cikin rajistar mazauna ta ofishin. Za a rubuta furucin, ya sa hannu, a sanya bayanin a gefen rajistar haihuwarsa. Ba a biyan kuɗi a kan wannan, ba a kuma neman ya bar zama ɗan Najeriya. Kai ba za ka iya yi masa ba, Alhaji, ko da kai ka yi masa komai tun yana jariri, domin yanzu doka ta ɗauke shi baligi mai magana da bakinsa.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Fasfon Sifaniya na wanda ke tsakanin shekara 5 da 30 yana aiki ne shekara biyar. Yaron da aka sabunta wa fasfo yana da 17, fasfon ba zai mutu ba sai ya kai 22. Duk tsawon wa'adin nan fasfo lafiyayye na aljihunsa, babu abin da zai kai shi ofishin, babu kuma wanda doka ta ɗora wa alhakin tuna masa. Sai ya je sabuntawa yana da 22 a ce masa ai tun bara ya daina zama ɗan ƙasa. Don haka kada ranar da ke jikin fasfo ta ruɗe ku, ranar haihuwa ita ce abin lissafi. Shawararmu a yi shi cikin shekarar farko. Samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci, kuma idan aka tarar da kuskure a rajistar haihuwa, gyaransa na iya cin watanni.

TAMBAYA: 'Yata tana da shekara 22. Ba ta taɓa yin wannan furuci ba don ba mu san da shi ba, amma ta sabunta fasfonta na Sifaniya tana da 19. Wani mai haɗa wa mutane takardun tafiya ya ce shi ke nan ta rasa. Akwai sauran dabara? (Wata uwa, Idi-Araba)

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sabuntawar nan da ta yi tana da 19 ita ce hujjarta. Ranar 19 ga Disambar 2019 Kotun Ƙolin Sifaniya ta yanke hukunci mai lamba 696/2019 a kan wata mata haihuwar Kolombiya da ta shiga irin wannan hali. Kotun ta ce doka ba ta ƙayyade wata siga ta musamman da dole sai da ita za a yi furucin ba, kuma wanda ya je ofishin jakadanci ya nemi sabunta fasfo a cikin shekaru ukun nan ya riga ya nuna yana son riƙe ƙasarsa. Abin da za ta yi shi ne ta adana fasfon da ranar bayarwarsa ke nuna tana tsakanin 18 da 21, da duk wata rasit ko saƙon ganawa na lokacin, ta nemi sabon kwafin rajistar haihuwarta ta duba ko an rubuta wani abu a gefe. Idan aka buɗe mata fayil na rasa ƙasa, tana da damar kare kanta da waɗannan takardu, kuma idan hukunci bai yi mata daɗi ba akwai ɗaukaka ƙara zuwa sashen ma'aikatar shari'a da ke kula da rajista a Madrid. Wa'adin ɗaukaka ƙarar gajere ne, yana rubuce a ƙasan takardar hukuncin, a karanta shi ranar da aka karɓa.

Amma masu ƙananan yara kada su jingina da wannan hukunci. Hanya ce ta ceto bayan an makara, tana iya haɗawa da lauya da jira. Furucin kansa aikin safiya ɗaya ne.

Wanda kuwa bai yi furuci ba, bai kuma nemi fasfo ba har 21 ta wuce, sai dai ya nemi maido da ƙasar a ƙarƙashin sashe na 26 na kundin dokokin farar hula na Sifaniya. Asalin sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana zaune a Sifaniya bisa izini. An ɗauke wannan sharaɗi ga wanda ya yi ƙaura daga Sifaniya da 'ya'yansa, saura kuma sai Ministan Shari'a ya yafe musu saboda wani dalili na musamman. Ɗan wanda aka haifa a Sifaniya ya yi ƙaura, hanyarsa a buɗe take. Ɗan wanda ya je ya samu takarda ya komo garinsu, kada ya ɗauka kai tsaye za a lissafa shi cikin 'ya'yan masu ƙaura, jami'in rajista ne zai auna fayil ɗinsa.

TAMBAYA: Ina da ɗa mai shekara 19 a Mile 12. An haife shi kafin in samu takardar Sifaniya, lokacin da na samu yana da 15. Ban taɓa yi masa komai ba. Ya makara? (Wani magidanci, Mile 12)

AMSA: Malam, bai makara ba tukuna, amma saura ƙiris. Tunda an haife shi kafin ka zama ɗan Sifaniya, bai gaji ƙasar da haihuwa ba. Abin da yake da shi shi ne haƙƙin zaɓar zama ɗan Sifaniya na sashe na 20 na kundin dokokin farar hula na ƙasar, saboda ya kasance ƙarƙashin kulawar uba ɗan Sifaniya kafin ya balaga. Wannan haƙƙi yana faɗuwa ranar da ya cika 20. Da a ce ya riga ya cika 18 kafin ka samu takardar, da babu wannan hanya gaba ɗaya.

Takardu ne za su ci muku lokaci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg da ta sa hatimi guda ya isa a karɓi takarda a wata ƙasa, saboda haka takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tantance ta, sannan ɓangaren Sifaniya ya tantance, a kuma fassara ta zuwa Sifaniyanci ta hannun mai fassarar da suka amince da shi. Abu biyu ke yawan kawo cikas. Na farko takardar haihuwar da aka yanka shekaru da yawa bayan haihuwa, wadda ke sa a nemi ƙarin hujja. Na biyu idan uba bai ambaci yaron cikin 'ya'yansa ba lokacin da yake neman tasa takardar, domin za a buɗe tsohon fayil ɗinka a gwada. Idan ka san ka tsallake sunansa a wancan lokaci, ka tanadi takardar aure da ta asibiti da ta makaranta tun yanzu.

Sai kuma wani bambanci da ya kamata ku sani. Wanda ya shiga ta zaɓi zai yi rantsuwar biyayya ga Sarki da kundin tsarin mulki, kuma zai furta cewa ya bar ƙasarsa ta farko, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan, irin su ƙasashen Latin Amurka masu alaƙar tarihi da Sifaniya, da Fotugal, Andora, Filifin, Ikwatoriyal Gini, da Faransa tun 2022. Bayan haka sashe na 25 na kundin na Sifaniya ya ce wanda ba ɗan asali ba zai rasa ƙasar idan ya shekara uku yana amfani da ƙasar da ya ce ya bari ita kaɗai. Wannan ya shafe ka kai ma, Malam, da duk wanda ya samu takarda ya dawo gida ya jefa fasfon a durowa ya bar shi ya mutu.

TAMBAYA: To Najeriya fa, ba za ta ƙwace nata ba? Kuma wane fasfo zan nuna a filin jirgi? Sunana ma ba iri ɗaya ba ne a cikinsu. (Wata ɗaliba, Obalende)

AMSA: 'Yar uwa, sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa damar riƙe wata ƙasa. Barin zama ɗan Najeriya kuma yana da tasa hanyar a sashe na 29, sai mutum ya nema a rubuce an yi masa rajista. Furucin da aka yi a gaban jami'in wata ƙasa ba ya soke zama ɗan Najeriya.

A filin jirgin Murtala Muhammed ki fita da na Najeriya, ki kuma shigo da shi. Ma'aikatan kamfanin jirgi ki nuna musu na Sifaniya don su ga ba kya buƙatar biza, da shi kuma za ki shiga Turai. Kada ki bar na Najeriya ya mutu ki ce za ki shigo da na Sifaniya, don a lokacin baƙuwa za a ɗauke ki, a nemi biza.

Batun suna kuwa ba kuskure ba ne. Rajistar Sifaniya tana ba kowa sunan dangi biyu, na uba da na uwa, alhali a fasfon Najeriya sunan mahaifi ko na kaka kawai muke sawa. Ki sayi tikiti da sunan da ke cikin fasfon da zai shigar da ke ƙasar da za ki, ɗayan kuma yana hannunki. Abin da ba a yafewa shi ne bambancin ranar haihuwa. Idan NIN ɗinki da rajistar Sifaniya ba su faɗi rana ɗaya ba, ki gyara kafin ki nemi kowane fasfo, don Hukumar Shige da Fice da bayanan NIN take aiki.

TAMBAYA: Mahaifiyata haihuwar Sifaniya ce, mahaifina Bakatsine, ni kuma a Legas aka haife ni. Ina da 18, fasfona zai mutu baɗi. Me zan tanada, kuma za a karɓi hoto da hijabi? (Wata budurwa, Apapa)

AMSA: Tunda a Sifaniya aka haifi mahaifiyarki, sakin layi na 3 na sashe na 24 bai hau kanki ba. Sai dai sakin layi na 1 na sashen yana nan: mazaunin waje da ya yi shekara uku bayan balaga yana amfani da ɗaya ƙasar ita kaɗai, shi ma yana rasawa. Riƙe fasfo mai rai da kasancewa cikin rajistar ofishin jakadanci su ne shaidar cewa kina amfani da ita. Tunda dai za ki je, ki nemi a karɓi furucinki a tafiya ɗaya, ba abin da zai rage miki.

Ana iya neman sabuntawa cikin watanni 12 na ƙarshen fasfon. Yanzu da kika cika 18 ba a buƙatar sa hannun iyaye, amma dole ki je da kanki saboda hoton yatsu. Ki tafi da tsohon fasfon, da sabon hoto mai launi da farin bango, da kuɗin da ya yi daidai da Yuro 30 yadda ofishin ya ƙayyade. Idan fasfon ɓata ya yi, sai da rahoton 'yan sanda. Hijabi ba ya hana karɓar hoto matuƙar fuska ta fito sarai daga saman goshi zuwa haɓa, ba inuwa, ba tabarau mai duhu. A Sifaniya ake buga fasfon a aiko shi, saboda haka ki ba shi makonni, kada ki sayi tikitin tafiya sai ya shigo hannunki.