Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Kufan Side na Turkiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da mahaifiyata za mu yi hutu a Antaliya cikin watan Yuli, kuma an ba mu shawarar mu leƙa garin Side. Yini ɗaya zai ishe mu? Mama na fama da ciwon gwiwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yini ɗaya ya isa, domin tsohon garin ɗan tsirin ƙasa ne da ya kutsa cikin Bahar Rum, tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya ba. Abin da ke ɓata wa baƙi ziyara shi ne rana. A Yuli zafi kan haura digiri 35, kuma kufan ba su da inuwa. Ku isa da misalin ƙarfe 8 na safe, ko ku bari sai bayan la'asar.

Daga Antaliya tafiyar kimanin kilomita 75 ce ta gabas. Bas zai kai ku Manavgat, daga nan ƙananan motocin haya da ake kira dolmuş su ƙarasa da ku. Ku riƙe 'yan canjin lira saboda su. An taƙaita shigar motoci cikin tsohon garin, saura duk a ƙafa ne.

Ku fara da gidan kallon Romawa na ƙarni na 2 Miladiyya, wanda ke ɗaukar mutum kusan 15,000. Ki ɗan tsaya ki duba bayansa. Galibin irinsa a jikin tudu ake jingina su, amma da yake Side shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, sai magina suka ɗora kujerun a kan ginin dutse mai siffar bakan gizo. Matakalansa dogaye ne, ƙafafu sun goge su har sun yi santsi, don haka kada Mama ta hau. Daga ƙasa ma za ta gani sosai. Ku sa takalmi mai ƙasan roba, ban da silifa.

Tsallaken hanya akwai gidan tarihi a cikin tsohon gidan wankan Romawa, nan ne wurin fakewa idan rana ta take. Duka biyun ana sayen tikiti. Haikalin Apollo (abin bautar Girkawan dā) kuwa, mai ginshiƙai biyar a bakin ruwa kusa da tashar jiragen ruwa, ya fi kyau gab da faɗuwar rana, sai dai lokacin ne cunkoso. Akwai masallaci cikin garin. Musulmin da suka yi ƙaura daga tsibirin Kirit ne suka raya wurin a ƙarshen ƙarni na 19.

Don Allah kada kowa ya tsinci ko ɗan guntun dutse ya jefa a jaka. Dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta haramta fitar da kayan tarihi, kuma an sha tsare baƙi a filin jirgin saman Antaliya saboda dutsen da suka ɗauka da sunan tsaraba.