Filin Tambaya da Amsa: Canza Kyamara Saboda Hoton Tsuntsaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mai ɗaukar hoto ne a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, da aikin biki da suna nake cin abinci, amma hoton tsuntsaye ne ya fi kwanta mini a rai. Ina aiki da Canon 7D Mark II da gilashin Sigma mai tsawon milimita 150 zuwa 600, ban da ƙananan gilasan da nake zuwa biki da su. Duk lokacin da na je tafkin Kware, idan kirinjijiya ta tashi sai in dawo gida da hotuna dishi-dishi, kuma ko zalɓen da ke tsaye cik daga nesa ba ya fita tangaran. Abokan sana'a sun ce in sayar da komai in koma Sony, wai ita ce ke kama idon tsuntsu da kanta. Shin in bi shawararsu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayar da ko da batir ɗaya, ina so ka lura cewa matsaloli biyu ka kawo, kuma ɗaya daga cikinsu babu kyamarar da za ta warkar da ita ko nawa ka saye ta.

Mu fara da zalɓen da ke tsaye. Idan tsuntsu bai motsa ba, kai ma ka riƙe kyamara da kyau, amma hoto ya ƙi fita, to galibi laifin iskar da ke tsakaninku ne. A Sakkwato, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura maki 40, ƙasa da bakin ruwa suna ɗaukar zafi tun hantsi, sai iska mai ɗumi ta riƙa tashi tana rawa. Ido bai cika ganin wannan rawar ba, amma gilashi mai tsawo yana ƙara girmanta kamar yadda yake ƙara girman tsuntsun. Kyamararka kuma tana da ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto) wadda ke ninka tsawon gilashi sau 1.6, wato milimita 600 ɗin nan tana nuna maka abin da ta milimita 960 za ta nuna a babbar sensa. Ga gwajin da zai raba maka gardama: ka kafa kyamarar a kan ƙafa uku, ka ɗauki hoton wani allo mai rubutu daga nisan taku 50 da sassafe, sannan ka sake ɗaukarsa daga wuri guda da tsakar rana ba tare da ka taɓa saiti ba, sai dai abin da haske ya tilasta. Idan na safe ya fita ras, na rana kuwa haruffansa suka narke, kayanka lafiyarsu ƙalau. Maganin shi ne ka isa bakin tafki daga idar da sallar asuba, ka samu mafaka ka zauna kafin gari ya waye sosai, ka bar tsuntsayen su matso da kansu, ka kuma tattara kayanka idan ƙarfe 9 ta gota. A lokacin hunturu kuma hazo ne ke taka wannan rawar, domin yana dusashe launi har kyamara ta rasa inda za ta kama.

Batun kirinjijiya mai tashi shi ne inda maganar abokanka take da ƙamshin gaskiya, ko da yake a nan ma sai ka fara duba saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Tsuntsu mai fiffika yana buƙatar kamar 1/2000 na daƙiƙa, ƙanana masu zafin nama ma fiye da haka, kuma mutane da yawa da suka saba da hoton biki suna jin tsoron ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, sai su bar shota a 1/500, hoto ya fito da fikafikai a goge. Tsaki-tsakin da ISO mai yawa ke kawowa ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da motsi ya ɓata ya tafi ke nan. Ka tabbata kuma fokas ɗinka yana kan AI Servo, wato saitin da ke bin abu mai motsi.

Idan ka gyara waɗannan duka kuma har yanzu kana asarar hotuna da yawa, to lallai ka kai iyakar abin da kyamarar za ta iya. A shekarar 2014 ta fito, tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, kuma a zamaninta masu hoton tsuntsaye sun yi ta yabonta, sai dai kai ne za ka ɗora ɗigon fokas a kan tsuntsun da hannunka ka kuma riƙe shi a wurin yana tafe. Sababbin kyamarori marasa madubi, wato waɗanda babu madubi tsakanin gilashi da sensa kamar yadda yake a taka, suna gane siffar tsuntsu, su kama idonsa, su bi shi ko'ina ya shiga a cikin hoton. Inda na saɓa da abokanka shi ne zaton cewa kamfani ɗaya ne ke da wannan baiwa. Gaskiya ne Sony ta riga Canon da Nikon shiga fagen kyamarori marasa madubi, kuma A9 ɗinta ta 2017 ta zo da hoto 20 a daƙiƙa, amma Canon da Nikon sun fito da sabon tsarinsu marar madubi a 2018, kuma tun daga R5 ta 2020 kyamarorin Canon suke kama idon tsuntsu. Yau manyan kamfanonin duk suna yin wannan aiki, bambancin da ke tsakaninsu bai kai a yi asarar dukiya a kansa ba.

Abin da ke ɗaure mutum a kamfani shi ne gilasansa, domin su ne suka fi cin kuɗi kuma su ne ke daɗewa. Duk gilasanka masu bakin EF ne, tsarin ɗaura gilashi a kyamara da Canon ta kawo tun 1987, kuma da adafta ɗaya ta EF zuwa RF, wato sabon bakin, za su hau sababbin kyamarorin kamfanin su yi aiki da fokas ɗinsu. Saboda haka shawarata ita ce ka nemi Canon R7, wadda ta fito a 2022. Sensarta girman taka ce, don haka ba za ka rasa ninkin 1.6 ɗin nan ba, tana da megafiksel 32.5 a maimakon 20 ɗin da ka saba da su, kuma batiran da ke cikin jakarka yanzu za su shige ta. Tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa da shota ta inji, 30 da ta lantarki, sai dai ta lantarkin takan lanƙwasa fikafikan tsuntsu mai sauri, don haka ka fi dogara da ta injin idan tsuntsu na sama. Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba: wasu masu amfani da gilashin Sigma irin naka a kan R7 sun koka cewa fokas yakan yi ta kai-komo kafin ya tsaya. Kada ka biya kuɗi sai ka ɗaura gilashinka a kan kyamarar ka gwada ta a waje, ko da a kan balbela ko shirwa ce, kuma ka sabunta manhajar gilashin tukuna.

Ka kuma yi lissafin ƙaura zuwa Sony da kyau. Za ka sayar da kayanka a farashin na hannu, ka sayi wasu a farashin da dala ta yanka, sannan ga filashin biki, ga batira, ga caja, duk sai ka sake su. Ga kuma abin da ba a sa wa kuɗi, wato sabon da yatsunka suka yi da maɓallai. Mai cin abinci da hoton biki ba ya da damar tsayawa laluben saiti alhali ana shigowa da amarya.

Akwai dai dalilan canza kamfani da zan yarda da su idan ka kawo. Gilashin Sony na 200 zuwa 600 da ya fito a 2019, da na Nikon na 180 zuwa 600 na 2023, ba sa miƙewa idan ana zuƙowa, komai a cikinsu yake motsi, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne a garin da ƙura ke shiga ko'ina, domin gilashi mai miƙewa yana shaƙar iska yana fitarwa duk lokacin da aka murɗa shi. Kowannensu nauyinsa wajen kilo 2 ne. Wanda nauyi ya dama, ko shekaru suka fara kamawa, yana iya duba OM-1 ta kamfanin OM Digital Solutions, magajin sashen kyamara na Olympus, wadda sensarta ke ninka tsawon gilashi sau 2, har gilashin milimita 400 ya yi aikin na 800. Amma kafin ka rungumi kowane tsari, ka tambaya ko akwai mai gyaransa da mai sayar da batirinsa a inda hannunka zai kai, ko Kano ce ko Abuja ko Legas.

Ƙarin shawara da ba ka tambaya ba: dogon gilashi daga nesa yana iya tsorata wanda bai san shi ba, kuma ka san halin tsaro da gabashin jihar nan ke ciki. Idan za ka fadamun Wurno ko wajen dam ɗin Goronyo, ka binciki labarin hanya, ka fara gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma nemi ɗan gari ya raka ka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma kullum ina ganin tsuntsaye a fadamar Kwalkwalawa a hanyarmu ta shiga makaranta. Ina sha'awar fara ɗaukar hotonsu, amma kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara basira. Ki fara da madubin hangen nesa mai lamba 8x42 da ɗan littafin rubutu, ki koyi rarrabe tsuntsayen da sanin lokacin fitowarsu, domin wanda ya san inda tsuntsu zai sauka ya riga ya yi rabin aikin. Daga Oktoba zuwa Maris za ki ga baƙin tsuntsaye da ke tsallako hamada daga Turai suna sauka a fadamun kogin Rima, gab da damina kuma shamuwa za ta iso ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin ƙauyuka, inda ta saba da mutane har ana iya ɗaukarta ba tare da wahala ba, muddin ba a matsa wa sheƙar ba.

Game da kyamara, hanyoyi uku nake gani. Mafi sauƙi ita ce irin wadda gilashinta a haɗe yake ba a cire shi, kamar Nikon P950 ta 2020 da ke zuƙowa har kwatankwacin milimita 2000. Tana da kyau ƙwarai wajen tabbatar da irin tsuntsun da kika gani, kuma ƙura ba ta samun ƙofar shiga cikin sauƙi. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: sensarta ƙarama ce sosai, hotonta yakan lalace idan haske ya ragu, kuma bin tsuntsu mai tashi da ita sai an sha fama. Hanya ta biyu ita ce Canon R10 ko R50 tare da gilashin RF 100 zuwa 400, wanda nauyinsa giram 635 ne kawai, kuma ita na fi so miki idan hali ya yi, saboda za ki iya yini da ita a wuya kuma tana kama idon tsuntsu. Ta uku ita ce kayan hannu, tun da masu komawa marasa madubi suna ta sakin tsofaffin kayansu. Nikon D500 ta 2016 da gilashin 200 zuwa 500 haɗi ne mai inganci har gobe, sai dai gilashin kaɗai kilo 2.3 ne, ki ɗaga shi da hannunki na ɗan lokaci kafin ki yanke shawara.

Idan kayan hannu za ki saya, ki sa a duba miki yawan hotunan da shota ta riga ta ɗauka, domin ita D500 an ƙiyasta mata 200,000 ne. Ki haska fitilar waya ta bayan gilashin ki leƙa ta gaba, idan kika ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, ki ajiye shi. Ki gwada fokas kusa da nesa kina sauraron ko akwai ƙara ko cijewa. Idan kuɗin bai kai a sayi duka biyun masu kyau ba, ki fifita gilashi a kan kyamara.

TAMBAYA: Malam, tun da hunturu ya shigo nake ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe a hotunana, musamman a sararin sama. Me ke kawo haka? Daga wani mai karatu a Gawon Nama.

AMSA: Malam, ƙura ce ta kwanta a kan sensa. Domin ka tabbatar, ka matse ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama, za ka ga ɗigon a wuri guda a kowane hoto. Ka cire gilashi a cikin ɗaki rufaffe, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura da famfon roba na hannu da aka yi domin wannan aiki. Kada ka hura da baki saboda yawu, kada kuma ka sa gefen riga ko audugar kunne, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai kaifi da ke karce abin da aka goga ta a kai. Abin da ya ƙi fita da iska, a kai wa wanda ya iya wankin sensa da kayan da aka tanada. Kyamara marar madubi ta fi saurin kamuwa da wannan saboda sensarta tana kusa da baki, don haka ka ɗaura gilashin da za ka yi aiki da shi tun daga gida, ka kashe kyamara kafin kowane canji, ka kuma riƙa sa ta cikin jaka mai zif idan kana kan babur.