Dogon Ikko zuwa Kano: yadda gyaɗa ta raya shi, da yadda tirela ta gaje lodinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, ina tura wake da riɗi Kudu. Kakana, Allah ya jiƙansa, dako ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Kano, kuma ya sha ba mu labarin cewa a zamaninsu jirgin kaya ba ya yankewa dare da rana. Yau kuɗin tirela ya kusa cinye mana uwar kuɗi. Yaushe aka shimfiɗa wannan layi, me jiragen suke ɗauka a da, kuma me ya kashe harkar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya gafarta wa kakanka, gaskiya ya faɗa muku.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, layin da muke kira na Ikko zuwa Kano asalinsa layi biyu ne na gwamnatoci biyu masu kishi da juna. Gwamnatin Turawa ta Ikko ta fara nata a 1896, ya isa Badun a 1901, ya bi ta Oshogbo da Ilori har ya tsaya a Jebba, bakin Kogin Kwara, a 1909. Su kuwa Turawan Arewa ba su so kayansu ya dogara da Ikko. Dabararsu ita ce a shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Baro, wani ƙaramin gari a gaɓar Kwara, daga nan jiragen ruwa su sauka da kaya zuwa teku. Gwamna Lugga ne ya daɗe yana neman wannan, amma wanda ya aiwatar shi ne magajinsa Percy Girouard, mutumin Kanada wanda dama injiniyan dogo ne. An fara aiki a 1907, ƙarfe ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Talakawa ne suka yi haƙa da ɗaukar ƙasa, mafi yawa ta hanyar sa hakimai da dagatai su kawo ma'aikata ko suna so ko ba sa so. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba in ana yabon aikin.

A 1912 aka haɗe layukan biyu a Minna, aka mai da su hukuma ɗaya. Baro ba ta daɗe tana tashe ba, domin ruwan Kwara ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da ya cika, sai lodi ya karkata Ikko. A shekarun farko ma babu gada a kan babban reshen kogin a Jebba, fito ake yi da taragu a kan jirgin ruwa, sai bayan wasu shekaru aka gama gadar. Tsawon layin daga Ikko zuwa Kano mil 700 ne, wato kimanin kilomita 1,126, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa uku da rabi ce, milimita 1,067. Riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

To, lodin fa? Nan labarin yake da daɗi. Turawa sun kashe kuɗinsu ne saboda auduga. Masaƙun Ingila suna neman inda za su rage dogaro da audugar Amurka, sun ji labarin ƙasar Kano da Zazzau na noma ta tun kaka da kakanni, har suka kafa injin gurzar auduga a Zariya suna jiran jirgi ya fara kwasa. Sai dai ba su yi lissafi da masaƙa da marina na Kano ba, waɗanda suke sayen audugar da farashin da ya fi na Bature. Manomi kuma ba wawa ba ne. Ya duba ya ga a daidai lokacin kamfanonin Turai suna rububin gyaɗa don man girki da man shafa wa burodi, ga haraji da ake nema da tsabar kuɗi, ga shi kuma in shekara ta ɓaci gyaɗa ana iya ci, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Attajiran fataucin goro na Gwanja, waɗanda suka san kowane ƙauye kuma suke da yaran da za su tura, su suka raba kuɗi da kaya bashi, suka ce a shuka gyaɗa. Kakar 1912 ta zo da abin da ba wanda ya shirya masa: jakuna da raƙuma suka cika tashar Kano da buhuna har jirgi ya rasa yadda zai yi. Gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1913 ta kai kusan tan 19,000, ninkin ba ninkin ta shekarar da ta gabata. Cikin waɗanda suka yi fice a wannan harka daga baya akwai Alhasan Ɗantata, wanda shi ma daga fataucin goro ya fito.

Bari in ɗan tsaya kan dalar gyaɗa, tunda muna alfahari da ita har a hotuna. Dalar shaida ce ta albarkar noma, ba musu. Amma a idon ma'aikacin reluwe, kowace dala lodi ne da ya maƙale yana jiran tarago. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirage sun tsufa, taragu sun yi ƙaranci, har ta kai gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Tun a lokacin da ake ganin harkar tana ganiyarta, layin ya riga ya yi wa kayan kaɗan.

Rassan da aka ƙara duk bin sawun kaya suka yi. Na Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914, siririn layi ne na kwasar kuza, an rufe shi a 1957 bayan layin Gabas ya karɓe aikin. Shi layin Gabas ya taso ne daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, wanda da shi kawunan jirage suke aiki kafin a fara kawo masu shan dizal a 1955, ya biyo ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da babban layi a Kaduna. Na Zariya zuwa Funtuwa, Gusau da Ƙaurar Namoda ya kammala a 1929 don auduga da gyaɗa, na Kano zuwa Nguru a 1930 don gyaɗa da shanu da fatu, na Maiduguri kuma sai 1964.

Bayan gyaɗa da auduga da kuza, jirgin da ya nufi Kudu yana ɗauke da ƙiraga da fatun awaki, musamman jar akuyar Sakkwato wadda a da ake kai fatarta Tarabulus a kan raƙuma. Zuwan dogo Kano na cikin abin da ya karya wannan ayari na hamada, domin tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Yana kuma ɗauke da shanu zuwa mahautan Badun da Ikko. In zai dawo sai ya ɗauko gishiri, kananzir, atamfa, siminti, kwanon rufi, da huhunan goro daga ƙasar Yarabawa. Goro ba ya son jinkiri, shi ya sa 'yan goro suka fi kowa sanin lokacin jirgi, kuma unguwannin Hausawa irin su Sabo a Badun da na Agege sun bunƙasa ne a kan shanu da goro. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi su ma ta Kano suke fitar da gyaɗarsu, har sai da Faransawa suka ɓullo da wani shiri a shekarun 1950 na karkatar da ita ta Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, zuwa Kwatano don kada kuɗin ya riƙa faɗawa aljihun Ingilishi.

Ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna cewa a 1964 hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a matsayin hukuma mai zaman kanta a 1955, ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3 da fasinja sama da miliyan 11. Shekara goma bayan haka kayan ya dawo tan miliyan 1 da ɗan ɗoriya.

Me ya faru? An saba cewa rashin kula ne da almundahana, kuma akwai su. Amma ni a ganina babban dalili shi ne kayan da aka gina layin dominsa ne ya ɓace. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da layin Gabas. Farin farkon shekarun 1970 ya biyo baya, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa amfanin gona. Ɗan abin da ya rage kuma injinan matsar mai na Kano suka riƙa shanyewa a gida, ba a bukatar kai shi bakin teku. Kuza ta ja baya. Man fetur, wanda shi ne kaya mai nauyi na sabon zamani, an shimfiɗa masa bututu, aka gina matatar Kaduna a 1980, sauran kuma tankoki suka ɗauka. Kuɗin man nan dai shi ya gina manyan titunan kwalta, ya kuma sa dizal ya yi arha, sai tirela ta samu hanya kyauta alhali reluwe ita ke gyaran hanyarta da kuɗinta.

Shi kansa layin yana da nasa lahanin tun daga haihuwa. An yi shi da tsumulmular kuɗi, layi ɗaya tilo wanda jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha, ga kwana-kwana masu tsanani don gudun fasa dutse ko cike kwari, ga ƙarfe mara nauyi. Jirgi ba ya iya gudu, ba ya iya jan lodi mai yawa, in kuma ruwan sama ya yanke hanya a wuri ɗaya, kamar yadda yake yawan faruwa a yankin Mokwa, komai ya tsaya daga Ikko har Kano. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sani: mai wake zai iya jure tsada, amma ba zai jure a ce masa ba a san ranar da kayansa zai isa ba. Tirela tana zuwa ƙofar sito ta ɗauka, ta sauke a ƙofar mai saye. Jirgi kuwa sai ka biya dako da mota a kowane ƙarshe.

An yi ta ƙoƙarin farfaɗowa. An kawo Indiyawa suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan gyaru, suna tafiya aka koma gidan jiya. An ba wani kamfanin Sin kwangilar gyara a tsakiyar shekarun 1990. Wani gyaran ya sa aka sake buɗe zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano a ƙarshen 2012, tafiyar da ke cin sama da awa 30. An kuma buɗe tashoshin tsandauri na sauke kwantena a Kaduna a 2018 da Zawaciki ta Kano a 2023, da niyyar kayan da ya sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko ya taho kai tsaye a yi masa kwastan a nan. Sai dai jigilar ba ta ɗore yadda ɗan kasuwa zai gina lissafinsa a kanta ba.

Yanzu mu koma ga adadin da na ce ka riƙe. Sababbin layukan da ake yi faɗinsu milimita 1,435 ne, saboda haka taragon tsohon layi ba ya hawa sabo, na sabo ba ya hawa tsoho. Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, Ikko zuwa Badun a 2021, kuma a shekarar aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Duk suna da amfani, amma ga mai kaya irinka, wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne guntun da ke tsakanin Badun da Abuja. Muddin ba a shimfiɗa shi ba, ko da an gama na Kaduna zuwa Kano, buhun riɗin da aka ɗora wa sabon jirgi a Kano iyakarsa Abuja, daga nan sai an sake kiran mai tirela.